Cin Rani a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

Tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, baƙon da ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo a tsakiyar rani ya kan ga abin mamaki. Ga gidaje, ga rumbuna a tsaye, ga hayaƙi yana tashi daga madafai, amma majiya ƙarfi sai ɗai ɗai. Tsofaffi ne a gindin itace suna tufkar igiya, mata suna daka, yara suna korar awaki. In ya tambaya, "Ina mazan garin nan?" sai a ce masa, "Sun tafi cin rani." Ba mai faɗin haka da kunya ko da baƙin ciki, gama abu ne sananne kamar shuka da girbi.

Ma'anar kalmar a fili ta ke. Mutum ne zai bar garinsu bayan an kai amfanin gona gida, ya tafi wata ƙasa ya nemi aiki na ɗan lokaci, ya ci abincin can ya bar na rumbunsa, sa'an nan in hadari ya fara haɗuwa a gabas ya komo ya ɗauki hauya. Komowan nan shi ya raba ɗan cin rani da wanda ya yi ƙaura, shi ne kuma ya raba shi da mai yawon duniya. Tafiya ce wadda a ke yi domin a iya ci gaba da zama a gida.

Dalilinta na farko yana cikin ƙasar kanta. Wurno da Goronyo suna bakin Gulbin Rima, Rabah kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato, gulaben nan biyu kuma suna gamuwa kusa da birnin Sakkwato. Ruwan sama a nan ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekara ma ba ya cika haka. Gonaki iri biyu ne. Akwai fadama, inda gulbi ke malala da damina ya bar laka, a shuka shinkafa, in ruwa ya janye kuma a yi albasa da tafarnuwa da dankali da rake da alkama. Akwai kuma tudu, ƙasa mai yashi, wadda ba ta ba da kome sai gero da dawa da wake, sau ɗaya a shekara. Mai fadama yana da aikin da zai riƙe shi har bazara. Mutumin tudu kuwa, daga ran da ya ɗaure damin ƙarshe, wata bakwai ne a gabansa ba aikin gona, ga bakuna suna ci daga rumbu safe da yamma. Jama'a kuma ta yi yawa a kewayen Sakkwato, har ba a samun barin gona ta huta, kullum gado yana ƙara tsaga ta. Sabo da haka in a ka bi ƙauye ƙauye, sai a tarar inda fadama ta yi faɗi masu tafiya kaɗan ne, inda aka nisa daga gulbi kuwa sai gari ya kusa zama na mata da tsofaffi.

Abin lura shi ne, garuruwan nan asalinsu an kafa su ne domin mutane su zauna, ba domin su tafi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, watau garin tsaro a bakin iyaka, don ya tare hare-haren Gobirawa da ke gangarowa ta kwarin Rima bayan an ci Alƙalawa a 1808. Ya tara mutane a ciki, Filani da Hausawa da bayi, ya ba su gonaki, ya ƙarfafa masu sana'a. A nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa ya ke, Allah ya ji ƙansa. Waɗansu sarakunan da suka biyo bayansa ma a Wurno suka fi zama. A can Baturen nan matafiyi Barth ya sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. Rabah da Gandi su ma garuruwan tsaro ne irin wannan. A zamanin nan rani shi ne lokacin yaƙi. Namijin da ke cikin ribaɗi a kan bukace shi da kwari da baka a daidai watannin da jikokinsa za su riƙa tafiya neman kuɗi. Bawa ba shi da ikon ya tafi sai da yardar ubangijinsa, ɗa kuwa in ya fita shi kaɗai, ba shi da tabbas ko zai kai inda ya nufa ko a kasuwa za a sayar da shi.

Duk da haka ba a ce ba a tafiya ba. Fatake su kan haɗa ayari mai ƙarfi, da madugu da jagaba da jakuna, su bi ta Jega su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu har Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Almajirai su kan bi malamansu bayan kaka. Masaƙa da marina da maƙera da dukawa su kan zaga kasuwannin kusa. Waɗannan su ne suka buɗe hanyoyi, su ne kuma suka kafa zangon Hausawa a garuruwan nesa. Da lokacin talaka ya zo, sawunsu ya bi.

Turawa suka ci Sakkwato a ran 15 ga Maris 1903. Cikin shekara ashirin da suka biyo, abubuwa uku suka haɗu suka mai da cin rani al'adar ko wane gida. Na ɗaya, yaƙi ya ƙare, hanya ta yi lafiya, har mutum biyu ko uku su kan kama tafiyar da dā sai ayari. Na biyu, igiyar bauta ta saki. An hana kamun bayi da cinikinsu, an ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, waɗanda ke hannu kuwa aka buɗe musu hanyar fansar kai a gaban alƙali. Amma fansa kuɗi ta ke so, murgu ma, watau abin da bawa ke biyan ubangijinsa domin a bar shi ya yi aikin kansa, kuɗi ya ke so. Ina mutumin rinji zai sami kuɗi? Sai ya tafi inda a ke biyan lada. Da yawa daga cikin 'yan cin rani na farko irin mutanen nan ne, waɗanda suka sayi 'yancinsu da dako da ɗiban ruwa a garuruwan da ba a san asalinsu ba. Ba a kashe bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936.

Na uku, shi ne ya fi duka ƙarfi, haraji. Dā talaka ya kan ba da abin da ya wajaba a kansa da damin hatsi ko da wuri. Turawa suka ce sai da kuɗinsu, sule da sisi da kwabo, a kan ko wane baligi, ko wace shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mutumin Kano ya sami mafita, domin jirgin ƙasa ya iso masa a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi. Mutanen Gusau da Ƙauran Namoda su ma suka sami auduga da gyaɗa, jirgi kuma ya kai Ƙaura a 1929, a nan ya tsaya, bai ƙaraso Sakkwato ba. Manomin tudun Rabah ko na Goronyo fa? In ya sayar da geronsa da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja, zai saye shi da tsada da bazara. Abin sayarwa ɗaya ya rage masa wanda ba zai jawo masa yunwa ba, shi ne ƙarfin jikinsa. A taƙaice, sauran larduna suna fid da gyaɗa da auduga da kuza, arewacin Lardin Sakkwato yana fid da mutane.

Yunwa kuma ta koya wa waɗanda haraji bai koya wa ba. Bayan farin 1913 aka yi babbar yunwa wadda a ke kira Kakalaba, mutane suka watsu kudu neman abinci. Waɗanda suka rayu suka komo sun san hanya, sun san inda a ke samun aiki, ba su kuwa manta ba.

Mutane su kan raba matafiyan nan kashi biyu. Akwai masu cin rani na kusa, waɗanda ba su kan wuce kwana biyu ko uku a hanya ba. Su kan gangara fadamun Rima su yi ƙwadagon lambu da cirar albasa, ko su shiga Sakkwato da Gusau su yi gini da yaɓe da saran itace da ga-ruwa, wani har da matarsa da 'ya'yansa, ita tana daka da sussuka a gidajen masu hali. Akwai kuma waɗanda a ke yi wa laƙabi 'yan tuma da gora, samari masu nisan zango, waɗanda kayansu duka bai wuce gora da sanda da 'yar tabarma da ƙullin gari ba. Su ne masu zuwa Kurmi da Gwanja. Su kan bi ta Sakkwato da Jega da Koko har Yelwa ta ƙasar Yawuri, tafiyar wajen mil 200 a ƙasa. Daga nan waɗansu su ƙetare Kwara a jirgin fito su ratsa Bargu, su bi tsohuwar hanyar goro zuwa Kumashi da Ankara. Waɗansu su miƙe ta Kwantagora da gadar Jaba zuwa Ilori da Badun da Ikko. Waɗansu su bi ruwa har Lakwaja da Anacha. Akwai kuma masu nufar gabas, zuwa haƙar kuza a Jos. Amma a kiyaye, kada a gama wannan da ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa da tilas a kai su ramukan kuza sabo da yaƙin Hitila. Wancan ba cin rani ba ne, mutane da yawa kuwa sun halaka a cikinsa sabo da sanyi da cuta da ƙarancin abinci.

Dalilin da ya sa Kurmi ta fi jan mutane shi ne koko. Allah ya daidaita abin, lokacin da a ke tsinkar koko a ƙasar Yarbawa da ta Asante, daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara, shi ne lokacin da manomin Arewa ya gama nasa aikin. Mai gonar koko yana bukatar hannu, a sare masa daji, a fasa ƙwallo, a shanya, a ɗauki buhu a kai bakin hanya. Kuɗin koko kuma su kan zaga gari duka, har mahauci da wanzami da mai yankan farce su sami rabonsu.

To, yaya baƙo ya ke samun aiki a garin da bai san kowa ba, bai kuwa ji harshensu ba? Wannan shi ne wurin da wanda bai taɓa fita ba ya kan yi kuskure, ya zaci mutum ya kan faɗa gari ne kawai ya yi ta buga ƙofofi. Ba haka ba ne. Ɗan cin rani ba ya tashi sai ya san sunan wanda zai sauka wurinsa. Yaro mai fita na fari a kan haɗa shi da wani babba na garinsu wanda ya saba, uban yaron ya damƙa masa shi hannu da hannu a gaban mutane. In sun isa, sai su nufi unguwar Hausawa, Sabo in a Badun ne, wadda aka keɓe tun 1916, ko zango in a Kumashi ne. A can akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, akwai liman, akwai kuma masu gidaje, watau fatomai, ko wanne da mutanen ƙasar da suka saba sauka wurinsa. Babban ya yi sallama, a gaisa, mai gida ya dubi yaron ya ce, "Wannan fa, ɗan wa?" A ce, "Ɗan wane ne, Maigida, daga ƙasar Wurno munka hito tare. Na kawo ma shi, amana." Mai gida ya ce, "Madalla. Samari, me ka iya?" Amsar da yaron zai bayar ita za ta nuna yadda raninsa zai kasance.

In yana da sana'a a hannu, ya huta. Wanzami da zabirarsa ya zo, baduku da wuƙarsa da basillarsa, mahauci a haɗa shi da Sarkin Fawa, malami ya sami zaure ya shimfiɗa buzu. Mutanen ƙasar Sakkwato kuwa an san su da jima da dukanci, sabo da fatar jar akuyarsu ta yi suna har ƙasashen Turai. Wanda ba shi da sana'a sai ya sayar da ƙarfi. Da asuba ya tafi bakin kasuwa ko tashar mota ya tsaya tare da 'yan'uwansa, a zo a ɗauke su dako, ko haƙar rijiya, ko saran gona. Ciniki iri biyu ne, ko na yini, a biya da maraice, ko jinga, a yanka wa aikin kuɗi gaba ɗaya, in ka gama da wuri ribarka. Masu wayo sun fi son jinga, su haɗu su biyar ko shida su ɗauki gona guda. Gadi ma aiki ne da a ke ba 'yan Arewa, don an shaide su da riƙon amana da rashin tsoron dare. A Gwanja akwai wani tsari da a ke kira abusa, inda mai aiki zai riƙe gonar koko ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da ta bayar. Yana da riba, amma tarko ne ga ɗan cin rani, gama wanda ya karɓi abusa ba zai ga shukar gida ba.

Mai gida ba kyauta ya ke yin wannan hidima ba, ba kuwa zalunci ya ke yi ba in mutumin kirki ne. Shi ke tsaya wa baƙo in mai gona ya hana shi haƙƙinsa, shi ke belinsa in ya faɗa hannun 'yan sanda, shi ke ajiye masa kuɗi, in ajali ya zo kuma shi ke yi masa sutura ya aika gida. Ladansa shi ne la'ada, da hannuwan da za su sauke masa kayan goro ko su kora masa shanu, da girman da yawan mutane ke jawo wa mutum. Amma an sha samun na banza, wanda za a ba shi ajiyar wata biyar, ran tafiya ya ce sai gobe, goben kuwa ba ta zuwa har ruwa ya sauka a Hausa. Sabo da haka labarin masu gidaje ya kan riga su isa ƙauyuka, a san wanda za a sauka wurinsa da wanda za a kauce wa.

Zaman kansa na ƙunci ne, da gangan. Mutum goma a ɗaki ɗaya, ko a zaure, ko a rumfar kasuwa bayan an watse. Abinci garin rogo da ƙuli-ƙuli, ko ɗan dafa-duka da a ke haɗa kuɗi a yi. Ko wane kwabo da ya shiga ciki ya fita daga kuɗin haraji, ko wane dare kuma mutum yana lissafi a zuci: na uban ƙasa kaza, na goro kaza, na turmin zane kaza, abin da ya saura na sadaki ko na ɗan jaki.

Yawan masu tafiyan nan ba wanda ya san shi sai a ranin 1952 zuwa 1953. A shekaran nan aka zaunad da malamai a mashigai da bakin hanyoyin da ke fita Lardin Sakkwato, Yelwa na cikinsu, suna tsai da ko wane matafiyi suna rubuta garinsu da inda za shi da abin da zai yi. Wani Bature masanin labarin ƙasa, R. M. Prothero, shi ya tattara lissafin ya bayyana shi. Aka sami mutum wajen 259,000 sun wuce. Kusan kashi uku cikin huɗu 'yan lardin ne, watau wajen 190,000, saura kuwa galibinsu daga ƙasar Faransi suka gangaro, wadda a yanzu ita ce Jamhuriyar Nijar. Aka kimanta cewa cikin ko wane maza baligai uku ko huɗu na lardin, ɗaya ya fita. Wanda ya san aikin ƙirga kuma ya san ba duka a ka samu ba, domin talaka in ya hangi malami da littafi da alƙalami a bakin hanya, haraji ne ke faɗo masa a rai, ya kan kuwa san wata 'yar hanya ta bayan gari.

Manya da yawa, Turawa da na gida, sun ɗauki al'adan nan a kan hasara, suna cewa ƙarfin ƙasa ne ke zubewa waje, samari kuma suna koyo rashin kunya. A cikin maganarsu akwai gaskiya. Waɗansu sun komo da ciwon sanyi ko tarin fuka, waɗansu da caca da shaye-shaye. Waɗansu sun makara, suka tarar maƙwabta sun yi noman fari su ko shuka ba su yi ba. Waɗansu ba su komo ba sam, mata suka gaji da jira suka kai ƙara wurin alƙali aka raba auren. Irinsu a ke nufi in an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga mai gari da uban ƙasa kuma wahala ce, domin sunan mutum yana cikin littafin haraji shi kuwa yana Kumashi, Baitulmali ba ta karɓar uzuri, sai a matsa wa ubansa ko wansa. Duk wanda ya riƙe ƙasa a wajen nan ya sha wannan, har da Ahmadu Bello, wanda ya yi Sarkin Rabah daga 1934 zuwa 1938 kafin ya zama Sardauna.

Amma masu zargin nan ba su buɗe rumbu sun duba ba. A ce namiji mai ƙarfi yana cin rabin mudu a yini. In ya yi wata biyar ba ya nan, mudu 75 ke nan ya bar wa gida. Gidan da ya fid da maza uku ya tsirar da mudu 225, ko da sun komo hannu wofi, wannan kuwa shi ne abin da zai riƙe masu noma a watan Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. In kuma sun komo da kuɗi, an biya haraji ba a taɓa gero ba, ba a sayar da akuya ba, ba a jinginar da gona ba. Maigidan gandu ya san wannan lissafi sarai ko da bai iya rubutu ba. Shi ya sa ba ya barin 'ya'yansa su tafi duka, ba ya kuwa hana su duka. Wannan ya tsaya ya kai taki gona ya gyara darni, wancan ya tafi, baɗi a juya. Gida biyu maganin gobara, in ji masu magana, manomin tudu kuwa gonarsa ta biyu tana Kurmi.

Bayan samun mulkin kai hanyoyin suka yi ta sakewa. Mota ta maye gurbin ƙafa, tafiyar wata guda ta koma ta kwana biyu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo har 1970 suka toshe hanyar Anacha na ɗan lokaci. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba da umurni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita, mutane dubbai suka komo, har da waɗanda aka haifa a zango, tun daga nan kuwa hanyar Gwanja ba ta koma kamar dā ba. Sai kuɗin man fetur suka buɗe wata ƙofa. Sakkwato ta zama babban birnin jiha tun 1967, gine-gine suka tashi a can da Kaduna da Ikko, daga baya da Abuja. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka tura har waɗanda ba su taɓa fita ba. Sana'o'i ma suka ƙaru: tura baro, gyaran takalmi, sayar da shayi, da haya da babur wadda Sakkwatawa ke kira kabu-kabu. Haraji da ya fara korar mutane ya daina zama abin tsoro, amma taki da magani da kuɗin makaranta da kayan aure suka gaje shi.

Gwamnati ta yi tsammanin ruwa zai tsai da mutane a gida, tunanin kuwa daidai ne, tun da an ga mai fadama ba ya tafiya. Aka yi aikin ban ruwa a Wurno. Aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa mita miliyan 942 na awon ciki, ko da ya ke ba a buɗe ta ba sai 1992. Inda ruwan ya kai, an amfana ƙwarai. Albasa da tafarnuwa da shinkafar Wurno da Goronyo suna cika motoci zuwa kudu, har ƙasar ta zama mai karɓar 'yan ƙwadago daga tudu da Nijar. Ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse da suka yaɗu daga wajen 1990 sun ƙara taimakawa. Amma madatsa ba ta hau tudu ba. Waɗansu ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ma hasara suka yi, domin malalar da ke jiƙa musu fadama ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. A Satumba 2010 kuma ruwa ya yi yawa, Rima ta cika ta tumbatsa, ta cinye garuruwa da gonaki daga Goronyo har Sakkwato, waɗanda suka rasa amfanin shekara suka kama hanyar da kakanninsu suka sani.

Abin da ya fi girgiza al'adan nan ya zo ne a 'yan shekarun baya, shi ne 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, waɗanda suka ɓullo daga dazuzzukan Zamfara. A Yuli 2018 suka faɗa wa Tabanni a ƙasar Gandi ta Rabah, suka kashe mutum fiye da talatin. A Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ran da ta ke ci, suka kashe mutane da dama. A Disamba na shekaran nan kuma suka tare wata motar matafiya a hanyar Sabon Birni zuwa Isa suka ƙone ta da mutane a ciki. A can masauki ma ba kullum a ke kwana lafiya ba: a Fabrairu 2021 an yi rikici a kasuwar Sasa ta Badun, inda 'yan Arewa ke sauke albasa da tumatir, aka yi hasarar rayuka da dukiya, Jihar Ikko kuma ta hana haya da babur a manyan unguwanninta a 2020 da 2022.

Cin rani ya tsaya ne a kan abu biyu, hanya mai lafiya da gidan da za a komo a tarar. A ƙauyukan da abin ya shafa, saurayi ya kan rasa yadda zai yi: in ya tafi ya bar tsofaffi da mata ba mai tsaya musu, in ya zauna ba abin da za a ci. Kuɗin da ya tara da tura baro, waɗanda dā na sa ne ko na aure, sau da yawa a kan aiko masa ta waya a ce ya turo su a fanshi ɗan'uwa, ko a biya abin da 'yan bindiga suka yanka wa gari kafin su bari a yi noma. Waɗansu gidaje sun kwashe gaba ɗaya sun koma cikin Wurno da Rabah da Gandi da Goronyo, ko bakin Sakkwato, sun bar gonakinsu na tudu. Mazansu suna fita neman aiki kamar yadda a ka saba, sai dai da yawansu yanzu damina ta kan same su a can.